Hular Kwano a Kan Ɗankwali

A watan Janairun 2024, a Abuja, Injiniya Tasi'u Sa'ad Gidari Wudil ya miƙa ragamar Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, NSE, ga wadda ta gaje shi. Sunanta Margaret Oguntala, injiniyar sinadarai da ta yi karatu a Jami'ar Benin. Ita ce shugaba ta 34. Talatin da ukun da suka riga ta hawa kujerar duk maza ne, tun daga 1958 da wasu matasan Nijeriya suka kafa ƙungiyar a Landan. Shekara 66 ke nan. Jaridu sun buga hotonta, 'yan siyasa sun aika saƙon taya murna, an ci an sha an watse. Abin da ba a tsaya an tambaya ba shi ne, duk tsawon wannan lokaci ina matan suke?

Suna nan. Joanna Maduka, haifaffiyar Ilesha a 1941, ta karanta kimiyyar lissafi da ƙarfin abubuwa a Jami'ar Ife, ta kuma samo digiri na biyu a injiniyanci daga Kwalejin Trinity ta birnin Dublin a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. A 1982 ta tattara 'yan tsirarun matan da ke cikin sana'ar suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN. A 2016 ta zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar dattawan injiniyoyi ta ƙasa. Wato daga ranar da matan suka yi yawan da za su iya kafa ƙungiya zuwa ranar da ɗayarsu ta hau kujerar NSE, an shafe shekara 42. Yarinyar da aka haifa a shekarar da aka kafa APWEN ta isa aurar da 'ya kafin hakan ta faru.

Dalilin wannan jinkiri ba a ajin lissafi yake ba, ko da yake can aka fi nuna wa yatsa. Yana can gaba, bayan an karɓi takardar digiri an yi hoto da iyaye.

Sai dai kafin a kai can, a gyara wata 'yar magana. A Kano ko Kaduna, duk wanda ya iya kwance janareto ya mayar, injiniya ne. Mai gyaran waya injiniya ne, mai haɗa wayar wuta a sabon gini shi ma injiniya ne, ba kuma mai yi musu gardama. A doka kuwa, sunan yana da mai shi. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma sai ta amince mutum zai ɗora wannan laƙabi a gaban sunansa, ya buga hatiminsa a kan zanen gada ko na bene. Hanyar doguwa ce. Shekara biyar a jami'a, a ciki har da wata shida na horon sanin makamar aiki a aji huɗu, wanda ɗalibai ke ce wa ayti. Sai bautar ƙasa. Sai aƙalla shekara huɗu ana aiki na zahiri a ƙarƙashin wani mai rajista. Daga nan a rubuta rahoton ayyukan da aka yi da hannu, a zauna gaban manya a kare shi. Tambayar da ake yi a wannan zama ba ta wuce guda: me ka gina, me ka girka, wace matsala ka warware?

To, a nan gizo yake saƙar.

A je wani wurin gini, ko wanne ne, ranar zuba dakin. Tun bayan sallar asuba injin kwaɓa kankare ya fara ruri. Leburori sun yi layi a kan katakon hawa, kowa da kwanon sarki a ka. Foman yana tsaye yana ƙirga awo, buhun siminti ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. A irin wannan rana ake koyon abin da ba malamin da zai iya koyarwa a allo. A nan ƙaramin injiniya zai gane cewa leburori na son ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin zubawa, alhali ruwan nan shi ke cinye ƙarfin kankare. A nan zai durƙusa ya cika mazurarin gwaji hawa uku, kowane hawa ya soka masa rodi sau 25, ya ɗaga mazurarin ya auna yadda kwaɓin ya zauna. A nan zai leƙa ƙarƙashin rodi ya tabbata an sa 'yan dunƙulen simintin nan da ma'aikata ke kira biskit, don kada ƙarfe ya kwanta a kan katako ya fito fili ya yi tsatsa nan da shekara uku. A nan zai ɗibi kwaɓin ya cika akwatunan gwaji, a kai su a matse a rana ta 7 da ta 28 a ga ko za su ɗauki nauyin da aka zana. A nan kuma zai koyi abu mafi wuya, yadda zai ce wa birkila sa'an babansa a fasa a sake, ba tare da an tashi baram-baram ba.

Ɗaliba 'yar ayti ta iso wurin da hular kwano a kan ɗankwali, da takalmin aiki da ya yi mata yawa har sai da ta haɗa safa biyu, domin lambar da ake kawowa sito ta ƙafar maza ce. Ba wanda zai kore ta. Ba wanda zai zage ta. Foman zai tarbe ta da fara'a ya ce, "Hajiya, ga kujera can a inuwa, ki riƙe mana lissafin tifa." Abokin karatunta namiji, wanda ta fi shi maki a jarrabawa, yana can sama yana shan rana da ƙura da ilmi. Ita tana ƙasa tana rubuta lambar mota. Wata shida za su wuce a haka, a sa mata hannu a littafinta, a ce yarinyar kirki ce. Bayan shekara biyar, idan aka tashi neman wanda za a ba aikin kula da gini, ba a neman na kirki, wanda ya taɓa yi ake nema.

Wannan tausayi ya fi tsangwama illa, domin ba a iya kai ƙararsa.

Ba halin Nijeriya kaɗai ba ne. A Amurka, Susan Silbey ta jami'ar MIT da abokan aikinta sun bi sawun ɗaliban injiniyanci kimanin 700 a makarantu huɗu tun daga 2003, wasunsu suna rubuta abin da ke faruwa da su a kai a kai. Sakamakon da suka fitar a 2016 ya nuna matan ba su gaza maza a maki ba, sau da yawa ma sun fi su. Inda zuciyarsu ke fara sanyi shi ne aikin rukuni da lokacin horo a kamfanoni, inda ake tura musu shirya takardu da rubuta bayanin taro, maza su tafi da aikin ƙira da warware matsala. Nadya Fouad da Romila Singh na Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee kuwa sun tambayi mata sama da 3,700 masu digirin injiniya, suka fitar da rahoto a 2011. Kusan kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan mata sun bar sana'ar ko ba su ma shige ta ba. Da aka bi dalili, ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka bari ne kawai suka ce don kula da iyali ne. Kusan rabi sun kawo yanayin aiki, yawan tafiye-tafiye, ƙarancin albashi da rashin ƙarin girma. Ɗaya cikin uku ta ce halin wurin aikin ne ko na shugabanta ya ishe ta. Wanda ke saurin cewa ai aure ne ke kwashe su, ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau.

Tarihin ma da haka ya fara. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da mazan Ingila suka tafi fagen daga, mata ne suka cika masana'antu suna sarrafa injuna suna ƙera harsashi da sassan jirgin sama. Ana gama yaƙi, majalisa ta yi doka a 1919 ta mayar da aiki yadda yake kafin yaƙi, aka sallami matan. A wannan shekarar, ranar 23 ga Yuni, wasu daga cikinsu suka kafa Ƙungiyar Mata Injiniyoyi ta Birtaniya, shi ya sa yau ake bikin ranar mata injiniyoyi ta duniya a wannan kwanan wata. Ba don a buɗe musu ƙofa suka kafa ta ba, sun riga sun shiga. Don kada a fitar da su ne.

Ragowar irin waccan doka tana nan a littafin Nijeriya. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 55, ta hana sa mata aikin dare a masana'antu, sashe na 56 kuma ya hana su aiki a ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar ma'adinai. Gaskiya ne an ware masu riƙe da muƙamin shugabanci waɗanda ba aikin ƙarfi suke yi ba, don haka babbar injiniya tana da mafita. Amma ƙaramar da ta fito jiya fa? Tashar wutar lantarki ba ta barci, matatar mai ba ta barci, kuma dakin idan aka fara zuba shi ba a tsayawa don an kira magariba. Mai ɗaukar aiki da tun asali ba ya son ɗawainiya ya samu abin fakewa. Hutun haihuwa a dokar mako 12 ne da aƙalla rabin albashi. Gwamnatin tarayya ta kai na ma'aikatanta mako 16, jihohi irin su Legas da Kaduna sun kai wata shida, amma yawancin aikin gini a hannun 'yan kwangila yake, su kuwa lissafinsu daban.

Sai ƙananan abubuwa, waɗanda ba a rubuta su a rahoto saboda kunya. Wurin gini mai ma'aikata ɗari biyu da ba shi da banɗaki ko ɗaya mai ƙofa, domin maza bayan katanga suke zagayawa. Macen da ke aiki a irin wannan wuri takan daina shan ruwa tun safe, a zafin Afrilu. Rigar aiki da aka ɗinka wa ƙirar namiji. Mayafi kusa da injin da ke juyawa, wanda haɗari ne na gaske ba raini ba, maganinsa kuma ɗinki ne ba sallama ba. A Ingila, wata ma'aikaciyar kamfanin ruwa na Severn Trent ta zana hijabin aiki da ba ya lilo, aka fara yin sa a 2021. Kada kuma a ɗauka talauci ne ke jawo wannan sakaci. A watan Maris na 2019, hukumar NASA, da duk dukiyarta, ta soke fitar da mata biyu za su yi tare zuwa wajen tashar sararin samaniya saboda rigar da ta yi musu daidai guda ɗaya ce a shirye. Sai a watan Oktoba Christina Koch, injiniyar lantarki, da Jessica Meir suka fita suka sauya na'urar cajin batir.

A arewa, da an taɓo wannan magana sai wani ya ce addini ne, ko mai suka ko mai karewa. Alƙaluman UNESCO na 2021 ba su goyi bayan kowannensu ba. A duniya baki ɗaya, mata su ne kashi 28 cikin 100 na masu kammala digirin injiniya. A Aljeriya sun haura kashi 48, a Tunisiya kashi 44, a Oman da Maroko sun wuce 40. A Amurka kashi 20 ne, a Japan 14. 'Yar Aljeriya mai hijabi ta fi 'yar Tokyo yiwuwar zama a ajin injiniyanci nesa ba kusa ba. Sai dai a waɗancan ƙasashen ma, yawan da ake gani a aji ba shi ake gani a wurin aiki ba.

Abin da ke faruwa a arewacin Nijeriya ya fi kama da zaɓi na iyaye, kuma zaɓi ne mai dalili. Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, na maza, daga baya aka yi ta 'yan mata a Taura. Irin waɗannan makarantu sun fitar da 'yan mata masu kaifin ƙwaƙwalwa ba iyaka. Amma idan yarinya ta ci lissafi da kimiyya, gida kaf likita ake hango mata, in bai samu ba harhaɗa magunguna ko aikin jinya. Kowa ya san amfanin likita mace, domin kowa yana da mata ko uwa da ba ta son namiji ya duba ta. Asibiti kuma yana cikin gari, yana da katanga, yana da lokacin tashi. Injiniya fa? Uba zai tuno mai hular kwano a tsakiyar daji tsakanin Birnin Gwari da Tegina, cikin ƙarti, sai ya ce a'a. Da wuya a ga laifinsa a shekarun nan da ake sace ma'aikatan hanya. Abin da ba a gaya masa ba shi ne injiniyanci ya fi kwalta faɗi. Wadda ke lissafin ƙarfin famfon da zai tura ruwa daga Tamburawa zuwa unguwarsu injiniya ce. Wadda ke tsara faifan sola da batir na asibitin ƙauye don kada allurar rigakafi ta lalace injiniya ce. Kuma wadda ta jawo intanet ɗin da yake kallon wa'azi da shi ta ƙarƙashin teku, ita ma injiniya ce.

Labarinta ya isa a zauna a kansa. Funke Opeke a Ibadan ta tashi, mahaifinta masanin noman koko ne da ya shugabanci cibiyar binciken koko ta ƙasa. Ta karanta injiniyancin lantarki a Ife, ta yi digiri na biyu a Jami'ar Columbia da ke New York, ta shafe kusan shekara ashirin tana aiki a kamfanonin sadarwa na Amurka har ta kai babbar darakta a Verizon. A 2005 ta dawo gida ta zama shugabar sashen fasaha ta MTN, daga baya ta taɓa aiki da NITEL a lokacin da aka sayar da shi. Abin da ta tarar shi ne ƙasa mai mutum sama da miliyan 130 tana rataye da igiyar intanet guda ɗaya tak ta ƙarƙashin teku, SAT-3, wadda NITEL ke riƙe da bakinta. Wanda ya yi zamanin shagunan intanet na farkon shekarun 2000 ya san sauran bayanin: a sayi awa guda, rabinta ya ƙare ana jiran shafi ya buɗe.

Wani zai rubuta maƙala a kan matsalar. Ita sai ta ce za ta shimfiɗa wata igiyar. A 2008 ta kafa kamfanin da ya zama MainOne, ta fara da kuɗin da ta tara, ta shiga zagayen neman dala miliyan 240 daidai lokacin da bankunan duniya ke durƙushewa. Igiyar kanta, a can cikin zurfin teku, kaurinta bai fi na tiyon ban ruwa ba. A tsakiyarta akwai zaren gilashi sirara kamar gashin kai, haske ke gudu a cikinsu ɗauke da saƙo. Hasken yana raunana da nisa, don haka duk bayan 'yan gomman kilomita sai an ɗaura na'urar da za ta ƙara masa ƙarfi, ita kuma da wutar da ake turo mata daga gaɓa ta cikin igiyar take aiki. Kusa da gaɓa, inda anka da komar masunta ke iya kamo ta, sai an sa mata sulke an binne ta da garma ta musamman da jirgi ke ja. Kafin jirgin ya tashi kuwa, sai an auna ƙasan teku an san inda kwari yake da inda dutse yake, an kuma samo izini daga kowace ƙasa da za a ratsa ruwanta. Kilomita 7,000, daga Fotugal zuwa Akara da Legas. A watan Yulin 2010 aka kunna ta, kuma farashin sarin intanet a Legas ya faɗi warwas.

Daga nan ta ci karo da abin da ya fi teku wuya, wato tudu. Kawo intanet daga Turai zuwa Legas ya zama ya fi sauƙi a kan kai shi daga Legas zuwa Abuja ko Kano, saboda kowace jiha tana da kuɗin da take karɓa a kan kowace mita da za a haƙa a binne waya. An yi matsaya a kan naira 145, amma jihohi da dama dubbai suka riƙa karɓa. Kamfanin ya ci gaba, ya gina cibiyar adana bayanai a Lekki, har a ƙarshen 2021 kamfanin Equinix na Amurka ya sanar da sayen sa a kan dala miliyan 320. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu, har da ta MainOne, suka tsinke a tekun Kwaddebuwa, masu POS daga Legas har Sakkwato sun ji a jikinsu, manhajojin banki suka yi ta juyawa ba sa buɗewa, gyara kuma ya ɗauki makonni. Ranar ce mutane da yawa suka fara sanin akwai wata igiya.

Abin lura a tarihin Opeke shi ne tsarin shekarun. Kafin ta nemi dala miliyan 240, ta yi shekara ashirin ana damƙa mata aiki na gaske tana yi. Masu kuɗi ba jinsinta suka saya ba, wannan tarihin suka saya. Kuma yawancinsa a waje ta tara shi. Ko da a gida ta zauna za a bar ta ta tara, wannan tambaya ce da ya kamata shugabannin kamfanonin gida su yi wa kansu.

A ƙasar Hausa ma akwai aikin da za a nuna da yatsa. Dandaji ƙauye ne a jihar Tawa ta Nijar. Mariam Issoufou, wadda aka fi sani a da da Mariam Kamara, kimiyyar kwamfuta ta karanta a Amurka, ta yi shekaru tana rubuta manhaja, sannan ta koma aji ta karanci zanen gine-gine a Jami'ar Washington. Da mutanen Dandaji suka yi niyyar rushe tsohon masallacinsu na ƙasa su gina na siminti, ita da abokiyar aikinta 'yar Iran, Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawarar: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai cin mutum dubu a gefensa. Tsohon ginin ba na yarwa ba ne, aikin Alhaji Falke Barmu ne, magini ɗaya da ya gina masallacin Yama wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Sabon kuma ba da bulon siminti aka yi shi ba, da tubalin jar ƙasar yankin ne da ake matsewa a inji, wanda ke riƙe sanyi da rana. Aka gayyato maginan gargajiya suka yi aiki tare da masu zane, kowa na koyon na wani. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. A al'adar Hausa gini sana'ar gado ce ta maza, tana da sarkinta. Ga shi mata biyu sun tsaya a kan aiki a tsakiyar ƙauye, kuma masallaci ne, kuma ana salla a cikinsa. Yanzu Mariam farfesa ce a jami'ar fasaha ta ETH da ke Zurich.

Sai dai Maduka da Opeke da Mariam duk 'ya'yan gidan boko ne da suka ga ƙasashen waje. Mafi yawan matan da za su ci abinci da ƙarfe da waya ba ta wannan hanya za su bi ba. Ta kwalejin fasaha za su bi, irin ta Kaduna, ko ta gareji. Sandra Aguebor, wadda ta fara koyon kanikanci a Benin tun tana yarinya, ta kafa shirin horar da mata gyaran mota a 2004, kuma ɗaruruwa sun fita ta hannunta. A Sakkwato, ƙungiyar Nana ta Dakta Fatima Adamu ta buɗe garejin da 'yan mata ke juye baƙin mai suna gyara birki, sanye da hijabi da rigar aiki. Cikin masu kawo musu mota har da matan aure da ba sa son zaman jira a garejin maza, kasuwar da ta daɗe a fili ba wanda ya kula da ita. COREN tana da rajista ga waɗannan matakai ma, daga mai babbar difloma har mai sana'ar hannu.

Ita kuwa APWEN ta koma tushe. A 2018, da tallafin kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ta ƙaddamar da wani shiri a Misau ta jihar Bauchi, inda ake zuwa firamare a sa yara su haɗa abu da hannunsu, a kuma ba 'yan matan da suka yi fice tallafin karatu. A yi lissafi da yarinyar da ke aji shida a waccan shekara, mai shekara 11 ko 12. Ta gama sakandare a 2024, shekarar da Oguntala ta hau kujera. In ta ci jarrabawar JAMB a zama ɗaya ta samu gurbi a Bauchi ko Zariya, in kuma ba a sake yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022 ba, za ta fito a 2029. Za ta yi ayti a 2028, a wani wurin gini ko tashar wuta, a hannun wani foman. Bayan bautar ƙasa da shekarun gogewa, zaman kare rahoto a gaban COREN zai zo wajen 2034, tana da shekara 27 ko 28, lokacin da da yawa cikin 'yan ajinsu na firamare ke goyon na uku. A teburin za a buɗe rahoton nata shafi-shafi, a tambaye ta wanne ne a ciki ta yi da hannunta.